Gargaɗi: mai tallar littafin abokan wasiƙa ɓarauniya ce, kada ku ba ta lamba shidan buɗe WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman mu na Katsina da Daura da ba ma iya barci sai mun karanta shafi biyu a waya. Abin da ya same ni watan jiya zan faɗa muku, don na san yanzu haka akwai wadda yatsanta ke kan tura kuɗin.

Wata ce ke yawo da tallar littafi guruf-guruf a WhatsApp. Kama sunanta ba shi da amfani, don ba nata ba ne, littafin ma ni kaɗai na gan shi da suna uku. Da labarin za ku gane ta. Malamai ne biyu a wata sakandare a 1998, kafin wayar hannu ta shigo mana a 2001. Ita 'yar Daura, shi ɗan Ƙofar Marusa. Ba sa ga-maciji, ko a ofishin malamai in ya shigo sai ta tattara takardunta ta fice. Amma kowannensu na da abokin wasiƙa da ya samu ta filin gaishe-gaishe na rediyo, ana rubutu da sunan aro, ashe junansu suke rubuta wa. Da rana ta murguɗa masa baki, da dare ta zauna gaban fitilar ƙwai tana kai ƙarar "wani malami mai girman kan tsiya" wajen shi malamin.

Tsakani da Allah rubutun ya tsaru. Ni na taso lokacin da ake hayar littattafan kasuwar Kano ana ɓoye su cikin littafin lissafi, kuma ni Yaya ke aika gidan waya bayan ta lashi kan sarki ta manna a ambulan ta danne da babban yatsa. To kun ga ta inda aka kama ni. Shafi 15 aka saki kyauta. A na ƙarshen, malamar ta shiga aji bayan ya fita, ta ɗauki tsumma za ta goge allo, sai idonta ya sauka kan yadda yake jan wutsiyar harafin "y" ya naɗo ta baya kamar ƙugiya. Wutsiyar da take gani cikin wasiƙunta wata takwas. Tsumman ya suɓuce mata. Nan aka datse, aka rubuta a ƙasa: ci gaba na kuɗi ne, naira 500 guruf ɗin kowa da kowa, naira 1,000 na manyan mata, su shafi biyu kullum.

Wa zai yarda a ce ba babbar mace ba ce? Dubu na tura.

Da na sa lambar asusun, sunan namiji ya fito. Na tambaya, ta ce, "Na ƙanena ne Hajiya, nawa ya samu matsala." Ban kawo komai a raina ba, don marubutan kirki da yawa da asusun mazajensu suke karɓar kuɗi.

Da dubun nan kaɗai aka ci, wallahi da na yi shiru na ce sadaka ce. Dubun ƙwarya ce aka jefa don a jawo akushi. Bayan na tura shaidar biya sai ta rubuto: "Hajjaju, yanzu zan saka ki. Amma saboda masu fitar mana da littafi waje mun sa tsaro. Lamba shida za ta shigo miki ta tes, ki turo min in buɗe miki." Maganar ta shiga kunnena, don duk mai karatu ta san yadda marubuta ke kuka da masu satar littafin kuɗi suna rabawa kyauta. Lokacin ina kan keke, ɗinkin biki ya sha mini kai, allura a baki. Saƙon ya shigo da Turanci, kuma a jikinsa ma an rubuta kada a ba kowa lambar. Ban karanta ba. Na kwafa na tura. Kafin in gama kalmasa bakin zane, WhatsApp ya fitar da ni.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Duk wanda ya sa lambar wayarki a tasa wayar yana son buɗe WhatsApp da ita, sai an turo lamba shida zuwa layinki don a tabbatar ke ce. Makullin ɗakinki ke nan. Babu guruf ɗin da ke buƙatarta. Mai guruf da lambar wayarki kaɗai take saka ki, ko ta turo miki mahaɗi ki taɓa.

Tsofaffin hirarrakina ba ta same su ba, amma ta tarar da duk guruf ɗin da nake ciki, da lambobin mutanen ciki: na dangi, na adashe, na Islamiyya. Ta bi su ɗaya-ɗaya. Goggota da ke Daura, wadda ta goya ni, ta samu saƙo da lambata: "Goggo, ina asibiti da yaro, ki ranta min 30,000 zuwa gobe, kada ki kira, likita na ciki." Baiwar Allah nan ta aiki jikanta wajen mai POS da 20,000, kuɗin kajinta. Yayana ne ya tona asirin, da ya kira ni kai tsaye ya ce, "Ke, wane asibiti kuma? Ga ɗan naki nan ƙofar gida yana ƙwallo da nawa."

Ɗan maƙwabciyata da ke karatu a jami'ar Umaru Musa ya karɓi wayar ya sake sa lambata, aka turo sabuwar lamba shida, shigar da ita ya kori ɓarauniyar. Sai dai ta riga ta sa nata lambobin sirri na tabbatarwa mataki biyu, dole na jira kwana 7 kafin in koma. Ya ce da na sa nawa tun farko, ko ta samu lamba shidan ba za ta iya shiga ba. Yana nan cikin saitin asusu, minti ɗaya ne. Ku je ku sa yanzu, kada ku bari sai kun gama karanta wannan.

Washegari mun je banki mun kai rahoto, mun kuma kai wa 'yan sanda, tunda dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafi irin wannan. Kuɗin dai tun daren aka zare su. Na haɗa 20,000 daga kuɗin ɗinki na kai wa Goggo har Daura, ta ture hannuna ta ce, "Ɗiyata, tunda yaron lafiya lau yake, ai na ci riba." Sai da na cusa su ƙarƙashin filo sannan na taho.

Abin da ya fi ba ni takaici daga baya na ji shi. Wata a guruf ɗin adashenmu ta san ainihin marubuciyar. Marubuciyar ce ta saki shafukan nan kyauta shekara biyu da suka wuce, laulayi ya kwantar da ita, ba ta sake komawa kansu ba. Shafi na 16 ba a taɓa rubuta shi ba. Ita ma kuka take, don ana ta zaginta a kan kuɗin da ko sisi ba ta gani ba.

In za ku sayi littafi, ku nemi wadda ta taɓa saye a hannun marubuciyar ta kuma karanta har ƙarshe. In saƙon neman kuɗi ya zo da lambar ɗan uwa, ku kira ku ji murya.

Jiya da daddare na sake ganin tallar a wani guruf na 'yan Sabuwar Unguwa. An canza suna, an mayar da malamar 'yar Funtuwa, an rage kuɗin zuwa 300, wai rangwamen Juma'a. Kafin in gama rubuta musu gargaɗi, mata goma sha ɗaya sun riga sun rubuta "na biya" a ƙasa.