Littattafai uku daga wani shago na kusa da Kasuwar Dole, da abin da suka koya mini game da hidimar sunaye

A ƙarshen daminar bara aka ɗora mini aikin haɗa kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram, ta yadda kowane malami zai riƙa shiga kowace na'ura da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, maimakon a buɗe masa sabon asusu a duk kwamfutar da ya zauna a gabanta. Na iya rubuta manhaja da Java gwargwadon hali, amma DNS, tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa adireshinta a intanet, da LDAP, hanyar neman bayanan mutane a kundi guda, a baki kawai na san su. Da yake karatu a waya yana cin kuɗin intanet, kuma ba kullum layi yake da ƙarfi ba, sai na nufi wani shagon tsofaffin littattafai da ke kusa da Kasuwar Dole.

Shagon ya cancanci yabo ta fuska biyu. Mai shi dattijo ne da ke kawo kaya daga Yamai da Kano, yana naɗe littattafan fasaha a leda saboda ƙurar hunturu, kuma yana barin mai saye ya zauna a benci ya duba littafi daga bango zuwa bango kafin a yi ciniki. Raunin shagon kuwa shi ne da kauri ake yi wa littafi farashi, kuma ba wanda ke duba shekarar bugu. Da na gaya masa abin da nake nema, sai ya ciro mini wani ƙaton littafin Java na Faransanci ya ce, "Malam, wannan ne ɗaliban jami'a suka fi ɗauka, komai yana ciki." Na ce, "Alhaji, bari dai in ɗauke shi tare da waɗancan biyun, in ya so mu ga wanda zai fisshe ni." Jika goma sha biyu na biya duka ukun.

Littafin Java ɗin, wanda shi ne ya fi tsada, shi ne ya fi ƙarancin amfani ga wannan aiki, kuma laifin ba na marubucinsa ba ne shi kaɗai, tsarin irin waɗannan littattafai ne. Cikin shafuka kusan dubu, babi guda aka ware wa JNDI, wato hanyar da Java ke bi ta nemi abu da sunansa, wadda ta shiga cikin ainihin kayan harshen tun fitowar Java 1.3 a shekarar 2000. Babin ya nuna yadda ake buɗe mahaɗi, a ba shi adireshin uwar garke, wato kwamfutar da ke amsa tambayar, da lambar ƙofarta, 389, a nemi suna, a karanta amsa. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Sai dai ya ɗauka cewa mai karatu yana da kundin LDAP da wani ya riga ya kafa masa, ya cika da sunaye, alhali ni wannan kundin ne aikin da aka ba ni. Na kwafe misalin harafi da harafi, na'ura ta mayar mini da kuskure mai lamba 32, kuma babu layi ɗaya a littafin da ya gaya mini cewa ma'anarsa sunan da na nema ba ya cikin kundin. Littafin ya koya mini sallama a ƙofar gida, bai koya mini yadda aka gina gidan ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. An buga shi tun kafin watan Disamba na 2021, lokacin da aka bayyana ɓarakar Log4Shell a cikin Log4j, kayan Java na rubuta bayanin abin da manhaja ke yi, wadda ta ba maharan intanet damar sa manhaja ta tuntuɓi uwar garken LDAP tasu ta hanyar JNDI, ta ɗauko umarni daga can ta aiwatar. Saboda haka babin yana gabatar da neman suna a matsayin abin da ba shi da haɗari ko kaɗan, kuma ɗalibin da ya tsaya a kansa zai rubuta manhajar da ke karɓar duk sunan da baƙo ya miƙo mata.

Na biyun shi ne DNS and BIND na Paul Albitz da Cricket Liu, bugu na biyar na 2006, da Ingilishi (BIND ita ce manhajar da ake kafa uwar garken DNS da ita). Hoton fara ne a bangonsa, abin da ya sa Alhaji ya yi dariya ya ce a nan soya ta ake yi, a can kuma littafi ake yi mata. Wannan ba littafin koyon rubuta manhaja ba ne, ko da yake yana da babi a kan hakan can wajen ƙarshe, amma shi ne ya buɗe mini ido. Ya fara da tarihin da ke bayyana dalilin komai: a da duk sunayen na'urorin ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, suna cikin fayil guda, HOSTS.TXT, wanda ake ajiyewa a cibiyar bincike ta SRI da ke Amurka kowa ya je ya kwafo, har yawan na'urori ya fi ƙarfin wannan tsari, sannan Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Da na fahimci wannan, sai wakilci ya zama mini abu mai sauƙi, domin mun san shi a garin nan. Baƙon da ke neman wani gida a Birni, idan ya yi tambaya a fada, ba za a ce an san kowane gida ba, za a tura shi wajen mai unguwa, shi kuma ya nuna masa ƙofar. Haka tushen DNS, mai sunayen uwar garke 13, ba ya riƙe da adireshin wani shafi na Nijar, yana nuna wa mai tambaya masu kula da .ne ne, su kuma su miƙa shi gaba. Har dalilin da ya sa canjin adireshi ba ya bayyana nan take littafin ya warware, da bayanin wa'adin da kowace amsa ke yi a ajiye kafin a sake tambaya.

Tsufansa yana nan, ba a ɓoye yake ba. An sa wa tushen DNS hannun DNSSEC, wato hatimin da ke tabbatar da ingancin amsa, a 2010, shekara huɗu bayan buga shi, kuma ba shi da labarin tura tambayoyin DNS a ɓoye ta HTTPS, wanda aka daidaita a 2018. Amma ginshiƙin da ya koyar, na takardun ƙa'idojin intanet RFC 1034 da 1035 na 1987, shi ne ake aiki da shi har yau.

Na ukun ƙaramin littafi ne na Faransanci a kan OpenLDAP, manhajar kafa kundin LDAP, kuma rabinsa na farko ya biya kuɗinsa. A nan na gane bambancin hidimar sunaye da kundin bayanai: ta farko tana faɗin inda abu yake, na biyun yana ƙara da siffofinsa, kamar rajistar da ke ɗauke da sunan mutum da sana'arsa da ƙungiyar da yake ciki. Ya bayyana cewa LDAP, wanda ya fito a 1993 da hannun masana na Jami'ar Michigan, sauƙaƙa tsohon tsarin kundin bayanai X.500 na 1988 ne, kuma cikakken sunan kowane shigi ana karanta shi daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda muke cewa wane, na gidan wane, na unguwar Zango, a Damagaram. Da wannan na gano cewa kuskurena mai lamba 32 ya zo ne daga reshen da ban ƙirƙira ba tukuna. Rabinsa na biyu kuwa ya ci mini kwana biyu a banza, domin duk saitinsa a fayil ɗin slapd.conf yake, alhali Debian, babbar manhajar da na girka a kwamfutar, tana ajiye saitin a cikin kundin kansa, a reshen cn=config. Wannan sai da na sayi intanet na karanta jagorar OpenLDAP ta yanzu kafin na fita daga ciki.

Ga wanda zai je shagon da irin bukatata, shawarata ita ce ya fara buɗe shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, ya ɗauki littafin da ya keɓanta ga hidimar kanta kafin na harshen manhaja, kuma ya tanadi tsohuwar kwamfuta guda da zai kafa BIND da OpenLDAP a kanta ya riƙa gwada kowane misali. Littafin Java ya yi mini amfani daga baya, lokacin da kundin ya tsaya da ƙafafunsa kuma nake son manhajar rajistar ɗalibai ta riƙa tantance malamai da shi, inda babin nan guda ya ishe ni cikin yini ɗaya. Na koma wajen Alhaji da takarda ɗauke da abin da nake nema a kan Active Directory, kundin masu amfani na Microsoft, da Samba, manhajar da ke iya yin aikinsa, tare da sharaɗin kada bugun ya gaza 2013, tun da a Disamba na 2012 Samba 4 ta fito, Alhaji kuma ya karɓa ya ce zai ba direban da ke kawo masa kaya daga Kano.