Sharhi: kamun kifin tirawut da kallon namun daji a gandun Algonkwin lokacin kaka

Ɗaya daga cikin kamfanonin da ke shirya wa baƙi yawon daji a bakin gandun Algonkwin, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, shi ya kai mu, ni da wani abokina Bakano da ke karatu a Toronto. A makon ƙarshe na Satumba muka je. Abin da suka yi talla a kai shi ne kwale-kwale da tanti da abinci da jagora, sai koyar da kamun kifin tirawut da ƙwaron ƙarya, irin wanda ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya. Hukuncina a taƙaice: jagoran ya ci kuɗinsa har da ƙari, ofishin kamfanin kuwa yana da gyara, kuma hotunan kifin da suka cika tallarsu da su sun fi abin da mutum zai tarar yawa nesa ba kusa ba.

Gandun dai an kafa shi tun 1893, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 7,600, kuma tafiyar kamar awa uku ce a mota daga Toronto. Tafkuna ne jere, sama da 1,500, tsakaninsu ƴan hanyoyin ƙafa. In ka kai ƙarshen tafki sai ka sauka, ka kifa kwale-kwalen a kafaɗa, kanka a ciki, ka bi hanyar zuwa tafki na gaba. A bakin kowace hanya akwai allo ruwan ɗorawa da aka rubuta tsawonta da mita. Kwale-kwalen da suka ba mu na Kevlar ne, mara nauyi, mutum ɗaya yana ɗaukarsa, amma duk da haka hanya mai mita dubu da hawa sai ta sa ka san kana da kafaɗa. Wanda gwiwarsa ko bayansa ke damunsa ya faɗa musu tun wuri su zaɓa masa hanya mai sauƙi.

Zancen lokaci shi ne abu na farko da ya kamata mai niyya ya riƙe. Ranar 30 ga Satumba ake rufe kamun tirawut a gandun, domin daga Oktoba kifin ke shiga saka ƙwai. A daidai wannan tsakanin ne kuma ganyen bishiyar mapul ke rikiɗewa ja da ruwan lemo, tudu bayan tudu. Kenan ƴan kwanaki ne kacal a shekara abubuwan biyu ke haɗuwa, kuma kowa ya san haka, shi ya sa wuraren kwana ke ƙarewa da wuri. Ribar lokacin ita ce babu sauro, babu ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo da ke addabar mutane a watan Mayu da Yuni. Illarsa kuma ita ce sanyi. Da asuba ma'auni yana kusantar sifiri, alwala da ruwan tafki a wannan lokacin sai ka ji har cikin haƙoranka. Tun daga rana ta biyu jagoran ya riƙa ɗora mana ruwa a wuta kafin mu tashi, ba tare da mun roƙe shi ba.

Shi jifan ƙwaron ƙarya dabam yake da fatsar da muka sani, inda ake soka tana a ƙugiya a jefa a zauna jira. A nan ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja zare, don haka zaren ne mai nauyi, shi ake kaɗawa a iska gaba da baya har ya miƙe, ya ɗauki ƙwaron ya ajiye shi a kan ruwa a hankali. Jagoran ya fara koya mana a tudu, a kan wani falalen dutse. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne a dakata idan an kai sandar baya, a bar zaren ya gama miƙewa kafin a turo shi gaba. Wanda ya yi garaje sai ya ji ƙara kamar ta bulala, ƙwaron ya tsinke ya tafi. A kan dutse abin yana yiwuwa cikin awa guda. A cikin kwale-kwale, kana zaune, iska tana juya ka, ɗan'uwanka yana gabanka kana tsoron ƙugiya ta kama masa kunne, wannan wani karatu ne daban. Abokina ya ja hularsa ya rufe kunnuwa ya ce, “Malam, ka jefa ta can, ni ina da jarrabawa.”

Kifin iri biyu ne a nan. Akwai na ƙorama, wanda sama da tafkuna 200 na gandun ke ɗauke da shi tun asali ba zuba shi aka yi ba, akwai kuma na tafki, wanda ya fi girma ya fi son zurfi. Dukansu ruwan sanyi suke so. Da bazara suna can ƙasa, sai saman tafkin ya huce a ƙarshen Satumba suke ɗan tasowa. A shekarar da zafi ya daɗe ba sa tasowa da wuri, kuma haka muka tarar. Sai jagoran ya canza mana zare zuwa mai nitsewa, ya ɗaura ƙwaro dogo mai kama da ɗan ƙaramin kifi, muka riƙa jansa a bayan kwale-kwale muna tuƙi sannu a gefen duwatsu da inda bishiyoyi suka faɗa ruwa. Gaskiya wannan ba shi ne jifan nan mai ban sha'awa da ake nunawa a talla ba, amma da shi muka samu ɗan abin da muka samu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani namiji ne na ƙorama, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ba. Cikinsa ja kamar garwashi saboda kusantowar lokacin haihuwa, bayansa kore mai duhu da zane-zane a murɗe, gefensa ɗigo-ɗigo ja, kowane ɗigo da zobe shuɗi, gefen fikafikansa na ƙasa fari fat. Jagoran ya sa na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi don kada in goge masa yauƙin da ke kare fatarsa. Da ma ya riga ya matse ƙayar ƙugiyar da filaya, saboda haka ta fita ba tare da ta yaga bakin ba. Ya riƙe shi cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa ya fizge ya tafi. Ɗaya muka ci a duk tafiyar, an soya shi da man shanu, namansa ruwan hoda.

Jagoran ne kuma ya bayyana mana dalilin da ya sa aka haramta shigo da ƙananan kifaye masu rai don yin fatsa a gandun. Yankin tudu ne, koguna irin su Petawawa da Madawaska daga nan suke gangarowa, don haka bayan narkewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe ƙasar, kifaye da yawa masu gasa da tirawut ba su iya hawowa ba. In wani ya zubar da ragowar bokitinsa a tafki, baƙin kifin suka hayayyafa, sai su cinye abincin tirawut, kuma ba a iya fitar da su. Haka nan an hana gwangwani da kwalba a cikin dajin.

Namun daji kuwa, a nan tafiyar ta biya. Biba, wata dabba mai faffaɗar jela da ke datse ruwa da itace, tana ta jan rassa zuwa bakin ɗakinta, tanadin abincin hunturu, in ta ji motsinmu ta maka jela a ruwa ta nitse. Tsuntsun lun, wanda hotonsa ke jikin kwandalar dala ɗaya ta Kanada tun 1987, ya fara sauya gashi zuwa toka-toka, amma kukansa da dare yana nan. Mus, ƙaton dabbar da ta fi doki tsayi, sau ɗaya muka gani: namiji da ƙahonsa shimfiɗaɗɗe, tsaye a bakin fadama cikin hazo. Lokacin barbararsu ne, don haka jagoran ya ja kwale-kwalen baya maimakon ya matsa, ya kuma hana abokina miƙewa ɗaukar hoto. Beyar, wani ƙaton naman daji mai gashi da ke bin ƙanshin abinci, ba mu gan shi ba, amma saboda shi kullum dare sai an rataye buhun abinci har da man goge baki a reshe mai nisa da tanti.

Sai ƙorafina. Tun wajen biyan kuɗi na rubuta musu cewa ba ma cin naman alade, suka amsa cewa an lura. Da aka buɗe buhun abinci a daji, abin karin kumallo har da shi a ciki, kuma kaskon suya guda ɗaya ne. Jagoran ya ba da haƙuri, ya ware shi, ya wanke kaskon da ruwan zafi, muka ƙare da ƙwai da wake da burodi. Na biyu, lasisin kamun kifi na Ontariyo ba ya cikin kuɗin, kuma sai ana gobe tafiya aka gaya mana, muka saye shi ta intanet a gurguje. Na uku, jakar barcin da suka bayar ta bazara ce, abokina da rigar sanyinsa da safa biyu yake kwana. Da muka dawo na rubuta musu, suka mayar da wani ɓangare na kuɗin abinci, a kan jakar barci ba su ce komai ba.

Zan iya komawa da su, da sharaɗin a ba ni wannan jagoran, in kuma duba buhun abinci da idona kafin mu bar bakin ruwa. Wanda kifi ne babban burinsa ya nemi watan Mayu, bayan narkewar ƙanƙara, lokacin da tirawut ke kusa da saman ruwa, ya kuma tafi da jakar barcinsa.