BA II Plus: kalkuleta mai riƙon amana fiye da kima

Wata takwas ke nan ina aiki da BA II Plus ta kamfanin Texas Instruments. Jarrabawar CFA, ta masu neman shaidar ƙwarewa a nazarin harkokin kuɗi da zuba jari, ce ta sa na saye ta, don ita da HP 12C kaɗai ake yarda a shiga da su ɗakin jarrabawar. Lissafinta bai ba ni wuya ba. Yadda take ajiye lambobi ne ya ci mini kusan wata guda kafin mu fahimci juna.

Tana da ma'adana guda goma, daga 0 zuwa 9. In lamba tana kan allo, ka danna STO sannan 1, ta shiga ma'adana ta ɗaya. In kana bukatarta, RCL sannan 1. Da farko raina wannan na yi, ina cewa ai ga takarda ga biro. Sai da na gane cewa abin da allon ke nunawa guntu ne kawai. A saitinta na asali, lambobi biyu take nunawa bayan ɗigo, alhali a cikinta lambobi 13 take riƙewa. Raba 2 da 3, za ka ga 0.67. In ka kwafe a takarda, daga baya ka ninka da 30,000, za ka sami 20,100. In kuwa STO ka yi, ka dawo da ita da RCL, 20,000 cif za ta ba ka. Ɗari guda ke nan ta shigo daga sama, don kawai ka amince wa idonka. Tun ranar na daina kwafar sakamakon tsakiyar lissafi.

Akwai kuma wata dabara da nake so: STO, +, 3. Wannan zai ɗora lambar da ke allo a kan abin da ke ma'adana ta 3, ba tare da ka fito da shi ba. Wurin tara darajar kuɗaɗe na shekaru daban-daban, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda na sha ƙasa shi ne maɓallan nan biyar na lissafin jari da riba: N (adadin lokuta), I/Y (ribar shekara), PV (darajar kuɗi a yanzu), PMT (kuɗin da ake biya a kowane lokaci) da FV (darajar kuɗi a nan gaba). Kowannensu ma'adana ce mai zaman kanta, kuma abin da ka zuba mata yana nan daram har sai ka share. CE/C allo kawai yake gogewa. Kashe na'urar ma ba ya taɓa su. Wani dare ina gwaji: jarin 1,000, ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara, tsawon shekara 5. Amsar ita ce 1,610.51, amma allona ya nace a kan 2,221.02. Sau uku ina maimaitawa, har na fara zargin littafin da kuskuren bugu. Ashe 100 ɗin da na saka a PMT a tambayar baya ce take zaune, ana ta lissafawa da ita kowace shekara. Laifina ne, ita dai abin da na ba ta ajiya ta riƙe. Yanzu yatsana ya saba, kafin kowace tambaya sai 2ND, CLR TVM, wanda ke share maɓallan biyar ɗin. Shi ma wannan ba ya shafar ma'adanai goman. Su sai ka shiga 2ND MEM ka danna 2ND CLR WORK.

In ka bar ta kamar minti biyar ba ka taɓa ba, takan kashe kanta, lambobinka kuma suna nan. Canja batir ne ke wanke komai, har da adadin lambobin bayan ɗigo da ka saita, don haka kada ka bari sai daren jarrabawa.

HP 12C, wadda ta fito tun 1981, ma'adanarta ta kai ashirin. Ban yi ƙyashi ba, ni ko biyar ban taɓa cikawa a tambaya ɗaya ba.