Zaɓen babur mai lantarki: a fara da batir

Abin da ya fara jan idon mai sayen babur mai amfani da lantarki shi ne adadin kilomitar da kamfani ya ce babur ɗin zai yi da caji ɗaya. Yawanci an samo wannan adadi ne da sabon batir, a kan miƙaƙƙiyar hanya, mutum ɗaya na tuƙi a hankali. Batirin kuwa shi ne kaya mafi tsada a jikin babur, kuma tun ranar da aka ƙera shi yake tsufa, ko ana hawa ko an jingine. Don haka abin da ya kamata mai saye ya auna shi ne nisan da babur ɗin zai kai shi bayan shekara uku.

Lissafin ba shi da wuya. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, misali 72V da 40Ah, waɗanda idan aka ninka su za a samu 2,880Wh, wato yawan wutar da yake iya riƙewa. Ƙaramin babur a cikin gari yakan ci tsakanin 30Wh da 40Wh a kowace kilomita, ke nan wannan batir zai yi kilomita 70 zuwa 95. Goyo da hawan tudu da tayar da ba ta da isasshiyar iska duk suna rage wannan, amma babu abin da ya kai gudu cin wuta, domin idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu. Sannan a al'adar masu ƙera batir, idan ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100 ana ɗaukar ya ci zamaninsa, ko da yana aiki. Babur mai yin kilomita 80 yana sabo zai koma 64. Wanda zirga-zirgarsa ta yini ta kai kilomita 60 bai kamata ya sayi wannan ba, tunda zai riƙa ƙarar da batirin ƙurmus kullum, wannan kuwa yana ƙara tsufar da shi.

Baturan da suka fi yawa a kasuwa iri uku ne. Na dalma, ɗan uwan batirin mota, shi ne mafi araha, sai dai yana da nauyi, da wuya ya wuce caji 300 zuwa 500, kuma ba ya son a sha fiye da rabin wutarsa. Arahar tasa ta ranar saye ce kawai. Sauran biyun na litiyam ne. Nau'in NMC yana riƙe wuta mai yawa a ƙaramin jiki, shi ya sa ya dace da mai son gudu da nisan zango, amma zafi yana saurin gajiyar da shi, haka ma barinsa cike na kwanaki. Nau'in LFP ya fi shi nauyi idan ƙarfinsu ɗaya ne, sai dai ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma yakan haura caji 2,000 kafin ya yi rauni. A ganina, wanda ke neman abinci da babur yana caji kowace rana ya ɗauki LFP, ƙarin nauyin ba zai dame shi ba. Raunin LFP yana fitowa ne a tsananin sanyi, kuma duk batirin litiyam yana lalacewa idan aka yi masa caji alhali sanyi ya kai na daskarar da ruwa.

Akwai kuma batun yadda aka ɗora batirin. Wanda aka kafe a jikin babur yakan fi girma, amma dole a kai babur ɗin inda soket yake. Wanda ake cirewa ana iya shiga da shi ɗaki, ko da yake ɗaukar kilo goma ko fiye a hau bene kullum ba wasa ba ne. Tsari na uku shi ne musaya, irin wanda kamfanin Gogoro ya fara a Taiwan a 2015, inda mutum ke ajiye batirin da ya ƙare a tasha ya ɗauki cikakke. A nan tsufan batir ya zama nauyin kamfani, amma mai babur ya ɗaure kansa da biyan kuɗi a kai a kai da kuma wuraren da tasoshin suke.

Takardar garanti ma sai an karanta ta da natsuwa. Yawan shekarun bai isa ba, a nemi inda aka rubuta matakin da ƙarfin batir zai sauka kafin a sauya shi, a kuma tambayi kuɗin sabon batir tun kafin a biya na babur.

Idan babur ɗin na hannu ne, a nemi mai shi ya cika cajin, sannan a hau a nufi tudu a murɗa totur. Batirin da ya gaji zai tona kansa nan take: sandunan caji a allo za su faɗi biyu ko uku lokaci guda, babur ya yi sanyi, da an sassauta hannu kuma su dawo. Wannan alama ce cewa wasu ƙwayoyin ciki, wato ƙananan baturan da aka haɗa suka zama babban, sun raunana, kuma na'urar BMS da ke kula da batir takan yanke wuta ne da zarar ƙwaya mafi rauni ta ƙare, ko da sauran suna da saura. A shafa jikin batirin a ji ko ya kumbura, a leƙa bakin caji a ga ko ya yi baƙi ko robar ta narke. A kuma tambayi tsawon lokacin da babur ɗin ya yi a ajiye, domin wanda ya shekara a jingine babu caji zai iya fin wanda ake hawa kullum lalacewa, duk da ƙarancin kilomitar da allonsa ke nunawa.