Tsofaffin littattafan haɗa koktel da na zamani, wanne mai koyo zai fara riƙewa?

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari. Ka ce ka samu aikin haɗa abin sha a wani otel, nan da wata biyu za ka fara, kuma littattafai kala biyu ne a gabanka, ga tsofaffin nan da ake samu a intanet irin na Jerry Thomas da na Savoy, ga kuma na zamani da wani ya ce maka ka nema, kana so ka san wanne za ka riƙe don ka iya haɗe-haɗen asali irin su Martini da Daiquiri da Old Fashioned. Toh ni dai na bi ta cikin duka biyun, kuma shawarata ita ce ka fara da na zamani, tsofaffin ka ajiye su sai hannunka ya faɗa. Amma bari in jera maka su ka ga dalili da idonka, don kar ka ɗauka raina tsofaffin nake yi, wallahi ina son su sosai.

Mu fara da ma'auni, don nan ne mai koyo ya fi shan wahala. Littafin Jerry Thomas ya fito ne a 1862 a New York, shi ake ɗauka a matsayin na farko da aka buga a Amurka mai ɗauke da haɗin koktel, wato barasa da ake gauraya ta da wasu kayan sha, kuma mutumin ya rubuta ne don abokan sana'arsa na wancan lokacin. Zai ce maka ka zuba kofin giyar inabi ɗaya na burandi, ko poni ɗaya na kaza, ko ɗigo uku na kaza. Shi kofin da yake nufi ma'auni ne na kusan mil 60, wato mililita 60, poni kuma kusan mil 30, amma babu inda zai tsaya ya yi maka wannan bayanin tunda kowa a zamaninsa ya sani. Ranar da na fara gwada wani haɗi daga ciki kofin inabi irin na yanzu na ɗauka, wanda ke cin ninki uku ko fiye na abin da yake nufi, kaga kuwa kayan duk suka tafi a banza, kuma abin ya dame ni don ba nawa ba ne. Na otel ɗin Savoy da Harry Craddock ya tattara a Landan a 1930 shi kuma wata hanyar ya bi, kashi-kashi yake bayarwa, kashi ɗaya cikin uku na wannan, biyu cikin uku na wancan, ba tare da ya faɗa maka jimillar nawa za ta kama ba, kuma kofunan lokacin ƙanana ne ba kamar na yau ba. Na zamani kuwa lamba zai ba ka ƙiri-ƙiri, mil 60, mil 22, mil 15, ka ɗauki jiga ɗinka, wato ɗan ma'aunin ƙarfen nan mai baki biyu, ka auna ka zuba shi ke nan. Abu ɗaya kawai za ka kula da shi, littattafan Amurka da oza suke awo, oza ɗaya ka ɗauke ta a mil 30, uku cikin huɗu na oza kuma mil 22 da rabi. Ka rubuta wannan a bangon littafin ka huta.

Sai kayan haɗin su kansu. Sunan kwalba yana nan amma abin da ke cikinta ya canza. Idan Thomas ya ce jin, wato farar barasar nan da ake kira gin da Turanci, sau da yawa na Holand yake nufi, mai kauri da ƙamshin hatsi, wanda ya fi kusa da wiski a baki, ko kuma Old Tom mai ɗan zaƙi, ba busasshen jin na Landan da za ka tarar a kan kanta yau ba. Ruwan sugansa ma da ƙaro ake dafa shi don ya ba abin sha santsi. Akwai kayan da suka ɓace gaba ɗaya ko aka canza musu tsari, misali bitas ɗin Boker's da aka daina yi (bitas ruwan ɗaci ne da ake ɗigawa a haɗi), ko giyar Kina Lillet da aka canza haɗinta a 1986, wadda Savoy ke kira a cikin koktel ɗin Corpse Reviver na biyu. Wanda ya kwana biyu a aikin zai san me zai saka a madadinsu, kai kuwa sabon shiga za ka haɗa abu ya fito wani iri ka rasa ko laifinka ne ko na littafin. Na zamani da kwalaben da ke kasuwa yanzu aka gwada su, wannan kaɗai ya isa dalili.

Amma inda tazarar ta fi faɗi shi ne aikin hannu, kuma nan nake so ka fi nutsuwa. Tsofaffin kusan layi ɗaya suke maimaitawa, girgiza sosai ka tace a kofi. Har Martini ma Savoy cewa ya yi a girgiza. Yau kuwa ƙa'idar da za ka tarar a kusan ko'ina ita ce, in akwai ruwan lemun tsami ko ƙwai ko madara a ciki a girgiza, in kuma barasa ce zalla kamar Martini da Manhattan da Negroni sai a juya da dogon cokali a cikin ƙanƙara, saboda girgizawa tana cusa iska da ɓarɓashin ƙanƙara abin ya yi hazo, shi kuwa Martini ana son sa garau kuma da santsi a harshe. Girgizawa daƙiƙa 10 zuwa 12 ta isa, juyawa kuma tana kai rabin minti ko ta ɗan wuce, ya danganta da girman ƙanƙarar da kake aiki da ita. Littafin Jeffrey Morgenthaler na 2014 kusan duka a kan irin wannan ya tsaya, yadda ake matse lemu, yadda ake dafa ruwan suga, yadda ake riƙe cokali, har da hotuna. Dave Arnold shi ma a 2014 ya zauna da ma'aunin zafi da sikeli ya nuna cewa da ƙanƙara ba a samun sanyi sai ta narke, sanyi da ruwa tare suke shigowa, ba ka raba su. Wannan maganar ita ta buɗe min kai gaskiya. Ruwan da ya narke ɗin nan yana kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin kofin, wato shi ma kayan haɗi ne kamar jin da bermut (giyar inabi da aka ƙara wa ganyayyaki masu ƙamshi), kuma duk wanda ya taɓa miƙa wa baƙo Manhattan da bai juyu ba ya ga yadda mutum ke yamutsa fuska. A cikin tsofaffin wanda ya ɗan fita daban shi ne Harry Johnson na 1882, shi ya yi dogon bayani kan yadda ake tafiyar da mashaya da tsafta da yadda ake karɓar baƙo, wannan ɓangaren har yau yana da amfani.

Akwai wani da ya tsaya a tsakiya, ba tsoho can ba kuma ba na yanzu ba, David Embury na 1948. Mutumin lauya ne fa, bai taɓa aikin mashaya ba, amma shi ya yi fice wajen koyar da dalili maimakon jera sunaye. Ya ɗauki haɗi shida kawai, Martini, Manhattan, Old Fashioned, Daiquiri, Sidecar da Jack Rose, ya ce ka fahimci waɗannan sauran za su zo da kansu. Tunaninsa ka ɗauka, amma lambobinsa ka yi hattara da su. Shi a haɗi mai tsami kashi 8 na barasa yake sawa, 2 na tsami, 1 na zaƙi, kuma wannan ya yi ƙarfi da bushewa ga yawancin mutane. Abin da ake yi yanzu ya fi kusa da mil 60 na barasa, mil 22 na lemun tsami, mil 22 na ruwan suga da aka haɗa suga da ruwa daidai wa daida, in baƙo ya fi son tsami ka rage zaƙin kaɗan. Cocktail Codex na 2018 shi ma kan wannan tafarkin ya hau da nasa shidan, ya ajiye Manhattan da Jack Rose ya sa Highball na wiski da Flip.

Kuma dubi yadda abin yake aiki in ka gane shi. Daiquiri rom ne da lemun tsami da suga. Cire rom ka sa jin ka samu Gimlet. Sa wiski da babban lemun tsami mai ruwan ɗorawa ka samu Whiskey Sour. Jin da wannan lemun da suga ka tsawaita shi da soda a dogon kofi ya zama Tom Collins. Sidecar kuwa koniyak ne da barasar ɓawon lemu da lemun tsami, canza koniyak da tekila ka sa koren lemun tsami ga Margarita ta fito, sa jin kuma White Lady ce. Negroni mil 30 ne na jin, 30 na Campari, 30 na jan bermut, in ka sa wiskin Amurka a gurbin jin sunansa Boulevardier. Kaga haɗi tara kenan daga ƙashi uku kacal. Savoy yana da haɗi kusan 750 a jere bisa haruffa, da yawansu ɗigo ɗaya ne ya raba su da juna, in ka ce haddace su za ka yi wata biyunka zai ƙare ba ka fita harafin C ba, kuma ranar da baƙo ya ce a rage masa zaƙi ba za ka san ta ina za ka taɓa ba.

Toh ina tsofaffin suka fi? Wajen sanin asali. A 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta fassara koktel da cewa barasa ce kowace iri da suga da ruwa da bitas, kuma in ka duba da kyau Old Fashioned kenan, sunansa ma daga nan ya samo, mutane ne ke cewa a haɗa musu irin na da. In ka karanta Thomas bayan ka iya aiki za ka ga yadda aka riƙa ɗora abu kan wannan ƙashin a hankali, a bugun 1887 za ka tarar da Martinez wanda da yawa ke ganin daga irinsa Martini ya ɓullo. Savoy kuma hoto ne na lokacin da aka hana sayar da barasa a Amurka daga 1920 zuwa 1933, lokacin da masu sana'ar irin su Craddock suka tsallaka Turai da aikinsu. Wannan ilimin yana ƙara maka daraja a gaban baƙon da ya san abin, kuma karatunsa da daɗi ba kaɗan ba. Na zamani su ma suna da nasu aibin, wasu za su cika ka da na'urori da jiƙe-jiƙe na kwana uku da kwalaben da ba kowace mashaya ke da su ba, rabin littafin Arnold ɗin ma ba na mai koyo ba ne, babin ƙanƙara da girgiza da juyawa kawai ka karanta ka rufe. Jerin ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, IBA, da aka kafa a Torquay ta Ingila a 1951, yana da kyau ka duba shi don ka san abin da ake ɗauka a matsayin ma'aunin kowa, amma in ka fara aiki ma'aunin gidan da kake ciki shi ne gaba.

Wani abu da nake so ka riƙe da gaske. Za ka samu baƙi da yawa da ba sa shan barasa sam, kuma haƙƙinsu ne a kanka ka san abin da ke cikin kowace kwalba. Angostura da ake ɗiga wa abin sha barasa ce mai ƙarfin kashi 44.7 cikin ɗari, ko ɗigo biyu ne kar ka sa wa wanda ya ce ba ya so, kuma bermut ma giyar inabi ce, shi ya sa ake ajiye ta a firij bayan an buɗe. Thomas yana da ɓangaren abin sha marasa barasa tun 1862, yawanci lemo ne kala-kala, amma na zamani sun fi shi bayanin yadda za ka cike gurbin nauyi da ɗacin da barasa ke bayarwa da shayi mai ƙarfi ko citta ko ruwan tonik. Sannan ka san ƙarfin abin da kake miƙawa, mil 60 na jin mai kashi 40 ya kai mil 24 na barasa tsantsa, kwalbar biya ta mil 330 mai kashi 5 kuwa mil 16 da rabi ce, wato Martini ɗaya ya kusa biya ɗaya da rabi duk da ƙanƙantar kofin. Wannan lissafin shi zai sa ka san lokacin da za ka miƙa wa mutum ruwa ka ce ya isa haka.

Da ni ne kai a wata biyun nan, littafi ɗaya na aikin hannu zan nema da ɗaya na iyalan haɗi, ko Codex ɗin ko na Gary Regan na 2003 wanda shi ma ya kasa su gida-gida, sai jiga da dogon cokali da gwangwanin girgiza da mataci. Sati biyun farko ruwa zalla za ka riƙa aunawa kana juyawa a ƙanƙara, ka ɗora kofin a sikelin kicin kafin ka juya da bayan ka tace, bambancin nauyin shi ne ruwan da ya shiga, ka yi ta yi har ya riƙa fitowa kusan daidai kowane lokaci. Daga nan ka koma kan tsami da zaƙi, lemun da ka matse ranar da ruwan suga da soda, babu barasa ma a ciki, kana canza mil biyar-biyar kana ɗanɗanawa har bakinka ya gane inda suke haɗuwa. In wannan ya zauna sai ka ɗauki shidan nan ɗaya bayan ɗaya, sati ɗaya haɗi ɗaya da 'yan gidansa, Thomas da Savoy kuma ka bar su na karatun dare.