Gidan sauro na PermaNet 3.0: amfaninsa da inda ƙarfinsa ya tsaya

PermaNet 3.0 gidan sauro ne mai magani na kamfanin Vestergaard da ke Suwizalan, kuma abin da ya bambanta shi da tsofaffin gidajen sauro yana a rufinsa. Gefunansa suna ɗauke da maganin deltamethrin kawai, amma rufin an haɗa masa wannan magani da sinadarin PBO. Dalili kuwa shi ne sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya saba da tsohon maganin, wato deltamethrin, a wurare da yawa na Afirka ta Yamma har jikinsa yana iya narkar da shi, PBO kuma yana toshe wannan hanya domin maganin ya samu damar kashe shi. An sa shi a sama ne saboda ɗumin jiki da numfashin mai barci sama suke tashi, nan ne sauro yake yawan sauka. Tun a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amfani da irin waɗannan gidajen sauro a yankunan da maganin farko ya rage tasiri.

Shi muke ɗaurawa a ɗakin yara tun daminar bara, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ƙasansa da aka ƙara wa kauri, domin wurin da ake cusawa ƙarƙashin katifa ko tabarma shi ne yake fara yagewa a yawancin gidajen sauro. An yi shi ya kai kimanin shekara 3 da wanki 20, amma wannan ya dogara ga mai shi. Wanda ya wanke shi da omo ko bilic, ya kuma shanya shi a rana, ya kashe maganin da hannunsa. Sabulun wanki da inuwa kawai yake bukata. Haka nan ya kamata a baza sabo a inuwa na awa 24 kafin a kwana a ciki, saboda duk gidan sauro mai irin wannan magani yana iya jawo zafin fuska ko ƙaiƙayi a daren farko.

Kukan zafi da ake yi da gidajen sauro a watannin Afrilu da Mayu gaskiya ne, kuma wannan ma bai tsira ba. Sai dai ana iya ɗaura shi a tsakar gida, kuma a Najeriya, ƙasar da take ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, ban ga hujjar ajiye shi a akwati ba, balle mayar da shi shingen lambu.

Mai saye ya san cewa aikinsa na dare ne. Yana taimakawa wajen kare mutum daga tundurmi, tunda a yankinmu Anofilis ɗin ne yake yaɗa shi, amma sauron Aedes mai kawo shawara da zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka allurar rigakafin shawara da zubar da ruwan da ya kwanta a tayoyi da gwangwanaye suna nan a matsayinsu. Kaska kuwa, wadda take iya ɗauko zazzaɓin Kirimiya-Kwango daga shanu da tumaki, ba ruwanta da gidan sauro: makiyayi da mahauci sai sun sa tufa mai rufe hannu da ƙafa, sun duba jikinsu bayan aiki, kuma kada su murƙushe kaska da yatsa.