Injin cika harsashi mai aiki ɗaya: abin da na gani a garejin surukina

Shekara talatin da wani abu ina kan injin sassaƙa ƙarfe a Magazin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi ta ƙasar Gana, don haka idan aka ajiye mini ƙarfe a gaba, kafin a faɗa mini sunansa na fara auna shi da hannu. Haka ta faru da na je Kolombus a jihar Ohayo ta Amurka sunan jikana. Mijin 'yata ya ja ni gareji, ya ce, "Baba, ga abin da nake so ka duba mini, kai ne masanin ƙarfe." Yana harbin gasa a wani filin da ke da lasisi, harsashi ya yi masa tsada, sai ya yanke shawarar ya riƙa sake cika kwanson tagulla da kansa, abin da doka ta yarda da shi a can. Ya ari injuna biyu wurin abokan harbinsa, na uku kuma ya gan shi a kanti, ya rasa wanda zai saya.

Wanda bai taɓa gani ba, abin bai fi injin niƙa tattasai na hannu girma ba. Ana ɗaure shi a bakin benci da noti, yana da hannu da ake dannawa, sandar ƙarfe ta tura kwanso sama cikin dayis, wato ɗan bututun ƙarfe da ake murɗawa a saman injin, wanda ke yi wa kwanson aikin. Ana ce masa mai aiki ɗaya ne saboda dayis guda yake ɗauka a lokaci guda. Sai ka gama wa kwanso hamsin mataki na farko, ka kwance dayis, ka ɗaura na gaba, ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai manya irin shuɗin nan na kamfanin Dillon da kowane danni ke fitar da harsashi gamamme, amma ni ba zan ba ɗan koyo wannan ba, kamar yadda ba na ɗora sabon yaron shago a kan babban inji ranar da ya zo. Inda albarushi yake, ido ɗaya kan aiki ɗaya ya fi.

Na farko da na taɓa ba shi da suna a wurina, don ba zan ɓata wa kowa kasuwa ba. Jikinsa buɗe yake ta gaba kamar harafin C. Hannu na shiga da sauƙi, gaskiya, amma da na danna da ƙarfi sai na ji bakin yana ɗan buɗewa. Duk wanda ya taɓa matsa bushin da faifan matsi mara ƙwari ya san wannan laushin. Na ture shi gefe.

Na biyu shi ne koren nan, Rock Chucker na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943. Zubin ƙarfe ne, jikinsa rufe kamar harafin O, nauyi kamar dutsen niƙa. Na girgiza sandar hagu da dama, ba ta wasa. Na sauke hannun a hankali, ya tafi sumul ba tare da ya cije ba. A nan na daɗe. Mai zuba wannan ƙarfe ya san sana'arsa, kuma irin kayan nan ne da in ka shafa masa mai lokaci-lokaci, jikan da muka raɗa wa suna zai gaje shi.

Na uku jan Lee ne, Challenger, na kamfanin da ke Wiskonsin. Shi ma rufaffen jiki ne, sai dai da alminiyam aka zuba shi, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi araha sosai. Ban raina shi ba. Ga mai cika 'yan harsasai kaɗan a ƙarshen mako, zai yi aikin. Abin da ya kwantar mini da hankali ma, zaren da ake murɗa dayis a ciki kusan ɗaya ne a duk waɗannan kamfanoni, awon da ake ce wa 7/8-14, don haka dayis ɗin wannan na hawa kan wancan. In ka fara da mai araha, kayan da ka tara ba su zama asara ba.

Na ce masa ya sayi koren. Ya ce, "Baba, kuɗin fa?" Na ce ya rage daga wani wuri, amma kada ya rage daga sikelin auna albarushi da littafin awo na masu kayan. Sannan na nuna masa ainihin matsalarsa, wadda ba ta inji ba ce: bencinsa na falanki ne siriri, yana rawa da kowane danni. Mun ƙara masa katako mai kauri muka ɗaure shi da bango.

Da na dawo unguwar Aboabo a Kumasi na nuna hotunan a majalisa, wani ƙanena mai farautar gyazbi, wanda Tonawa ke ce wa akrantie, ya ce, "Yaya, ka sa a auno mini ɗaya a kwantena." Na ce a'a, saboda dalili biyu. Bindigarsa ta farauta ce mai cin katirij na roba, wannan inji kuwa na kwanson tagulla ne. Na katirij daban yake, irin na kamfanin MEC. Na biyu ya fi girma: dokar makamai ta Gana ta 1972 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin gwamnati ba, kuma lasisin riƙe bindiga da yake sabuntawa wurin 'yan sanda bai ba shi wannan izini ba. Katirij ɗinsa ya ci gaba da saye wurin dila mai lasisi. Ya yi shiru, ya sake karɓar wayar, ya ƙara wa hoton girma, ya ce to ko zan iya sassaƙa masa irin wannan hannun a kan injin matse man gyaɗar matarsa. Wannan kam na ce ya kawo shi shago ranar Asabar.